Ledar magungunan Inna: me mai farmasi zai gani a ciki?

Tambayar ta zo daga wani matashi, malamin makaranta a nan Maradi. Mahaifiyarsa ta haura shekara sittin, tana da hawan jini da ciwon suga, ga gwiwoyi suna damunta. Magungunanta sun cika leda: akwai na asibiti nan garin, akwai waɗanda ɗiyarta mai aure a Katsina ta aiko, akwai kuma na masu yawo da faranti. Wata uku ke nan tana fama da busasshen tari da jiri. Abokinsa ya ba shi shawara ya kai ledar farmasi a duba. Shi kuwa ya ce: "Mai farmasi ai ɗan kasuwa ne. Me zai gani wanda likita bai gani ba? Akwai binciken da ya nuna wannan dubawar tana da amfani, ko dai hanyar ƙara sayar mana da magani ce?"

Ƙanena, Allah ya ba Inna lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Ka kai ledar, kada ka bari mako ya zagayo. Sai dai abu biyu za ka kiyaye: wurin wa za ka kai ta, kuma sau nawa za ka koma.

Zargin da ka yi ba zan share shi ba, domin yana da tushe. Farmasi da ciniki take rayuwa, da shi ake biyan haya da wuta da albashin ma'aikata. Ga shi kuma a bakin mutanenmu mutum huɗu ake kira da suna ɗaya. Akwai masanin magani, wanda ya yi shekara shida ko fiye a jami'a, a Yamai ko Dakar ko Bamako, yana karanta yadda magani ke shiga jiki, yadda hanta ke sarrafa shi, yadda ƙoda ke fitar da shi, da abin da ke faruwa idan biyu sun gamu a jini ɗaya. Akwai mai miƙo magani a bayan kanta, wanda ke aiki ƙarƙashinsa. Akwai mai dipo a ƙauye. Sai mai faranti da ke zagaya tasha da kasuwa. Dukansu "mai magani" ake ce musu. Na farkon nake so ka nema. In ka shiga, ka ce kana son ganin doktan farmasin da kansa. Na haura shekara ashirin ina zazzage irin wannan leda a kan tebur, kuma da wuya in mayar wa mai ita da ita ta fi yadda ta zo nauyi. Galibi raguwa take yi. In ka ga wanda bai tambaye ka komai ba ya fara jero maka sababbin kwalaye, ɗauki ledarka ka nemi wani.

To, me zai gani wanda likita bai gani ba? Likita ya ga Inna, ya ga awonta, ya ga takardar da shi ya rubuta. Bai ga abin da aka aiko daga Katsina ba, bai ga ƙullin mai faranti ba, bai ga jiƙon da maƙwabciya ta kawo ba. Layin da ke ƙofarsa ba zai bar shi ya tsaya bin diddigin wannan duka ba, Inna kuma don kunya da ganin girmansa ba za ta ce masa tana shan wani abu a gefe ba. Wuri biyu kaɗai magungunanta duka suke haɗuwa: cikin ledar nan, da cikin jikinta.

Da a gabana ledar take, abin da zan fara nema shi ne magani ɗaya mai suna biyu. Wannan cutar garin kan iyaka ce. Kwalin da aka saya nan rubutunsa Faransanci, wanda ya ratso ta Jibiya da Ɗan Isa rubutunsa Ingilishi, sunan kamfani daban, launi daban, amma in ka duba ƙaramin rubutun da ke ƙasa sai ka tarar duka amlodipin ne, maganin hawan jini. Tsohuwa tana shan wannan da safe, wancan da dare, tana ganin magani biyu take sha, alhali ninki biyu na abu ɗaya take zuba wa jikinta. Jini ya sauka fiye da kima, ta miƙe tsaye ta ji duniya tana juyawa. Jiri ke nan.

Na biyu, tarin. Akwai dangin maganin hawan jini da sunayensu ke ƙarewa da "pril", irin kaptopril da enalapril. Magunguna ne masu kyau, suna ma kare ƙodar mai ciwon suga, amma sanannen abu ne suna jawo busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro wanda ba ya jin siro, ba ya jin antibiyotik. Na ga dattijuwar da ta sha kwalabe na maganin tari mai zaƙi, sugarta na hawa, ta sha amoksisilin zagaye uku, alhali ƙwaya ɗaya ce ta kamata likita ya canza. Da aka canza, tarin ya kwanta cikin makonni. Irin wannan sarƙa muna ganinta kullum: magani ya jawo matsala, a ɗauka sabuwar cuta ce, a ƙaro wani maganin. Amlodipin ya kumbura ƙafa, a ba da maganin sa fitsari, ruwan jiki ya ragu, jiri ya ƙaru, a nemo maganin jiri.

A nan sai ka saurara da kyau. Tarin da ya wuce mako biyu dole a kai shi asibiti a auna majina don tarin fuka, a saurari ƙirji da zuciya. Wannan aikin likita ne, mai farmasi ba ya gano cuta. Abin da zai yi shi ne ya rubuta wa likita layi biyu: ga abin da take sha, ga lokacin da tarin ya fara, a duba ko daga nan ne.

Na uku, kuma shi ya fi tayar mini da hankali, maganin gwiwa. Abin da mai faranti ke ƙulla wa masu ciwon gaɓoɓi yawanci diklofenak ne ko ibuprofen, wani lokaci duka biyun a ƙulli ɗaya, wani lokaci har da deksametazon. Diklofenak da ibuprofen ƴan gida ɗaya ne: suna cin bangon ciki har ya yi gyambo ya zubar da jini, suna riƙe gishiri da ruwa a jiki su hau da tansiyo, wato awon hawan jini, suna rage jinin da ke isa ƙoda. In suka haɗu da maganin "pril" da maganin sa fitsari a jikin tsohuwa, a zafin Afrilu da Mayu da mutum ke yini yana zufa, ƙoda tana iya tsayawa cikin kwanaki. Deksametazon kuwa, wanda ƴan mata ke sha don ƙiba, yana kwantar da ciwon gwiwa kamar an yi sihiri, shi ya sa ake yabon mai farantin, amma yana hau da suga, yana hau da jini, yana rarake ƙashi. Wanda ya daɗe yana shan sa kuma ba a yanke masa shi rana ɗaya, a hankali ake janyewa ƙarƙashin kulawar likita. Shi ya sa ba na son ka koma gida yau ka zubar da rabin ledar da kanka.

Sai maganin suga. In glibenklamid ne, shi ba ya jiran a ci abinci, aikinsa yake yi ko ciki da komai ko babu. Tsohuwar da ta sha shi da safe ba ta karya ba, ko tana azumin Litinin da Alhamis ba ta gaya wa kowa ba, sugarta na iya faɗuwa: jiri, zufa, kyarma, yunwa mai tsanani, wani lokaci ta riƙa magana ba kan gado har a ce iska ce. In ƙoda ta yi rauni maganin yana daɗewa a jini, haɗarin ya ƙaru. In ka ga haka tana cikin hayyacinta, ba ta ruwan sukari nan take, sannan a tafi asibiti. In ta suma, kada a ɗura mata komai a baki, a ɗauke ta kawai.

Akwai kuma abubuwan da ba su cikin ledar amma zan tambaya. Kanwa gishiri ce a wata riga, sinadarin da ke hau da jini a gishiri yana cikinta, don haka kunun kanwa kullum da magi mai yawa a miya suna warware aikin ƙwayar tansiyo. Farasitamol ɗin nan da ake jefawa a ruwa yana kumfa shi ma yana ɗauke da wannan sinadari da yawa, mai hawan jini gara ya sha na haɗiya. Shayi mai kauri bayan abinci yana hana jiki ɗaukar maganin ƙarin jini. Nono da fura, ko maganin ƙarin jini, suna kama antibiyotik ɗin nan siprofloksasin a hanji su rage abin da ke shiga jiki. Ba na raina jiƙo da saiwa, iyayenmu da su suka rayu, amma ina so in san me ake sha da yawansa, tun da hanta ɗaya da ƙoda biyu ne za su ɗauki nauyin duka.

Yanzu ga batun bincike, tun da kai malami ne kuma hujja ka nema.

Tunanin cewa aikin masanin magani bai ƙare a miƙa kwali ba ya samu gindin zama ne a 1990, lokacin da wasu malamai biyu a Amurka, Charles Hepler da Linda Strand, suka rubuta cewa wajibi ne ya ɗauki alhakin abin da maganin ya haifar a jikin mara lafiya, wato ya gano matsala, ya warware ta, ya hana ta faruwa. Daga nan aka shiga gwadawa.

Girman matsalar dai ba a jayayya a kansa. A Ingila an bi marasa lafiya 18,820 da aka kwantar a manyan asibitoci biyu, aka buga sakamakon a 2004: kashi 6.5 cikin ɗari illar magani ce ta kawo su, kuma kusan kashi 72 cikin ɗari na waɗannan ana iya kauce musu. Magungunan da suka fi yin ɓarnar ba wasu baƙi ba ne, aspirin ne, da magungunan sa fitsari, da maganin tsinka jini, da dangin diklofenak. Ka lura, ƙasar da ba a sayar da ƙwaya a faranti ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta bayyana a rahotonta na 2003 cewa a ƙasashe masu arziki kusan rabin masu ciwon da ba ya warkewa ne kaɗai ke shan magani yadda aka tsara, a ƙasashe irin namu abin bai kai haka ba. A 2017 ta ƙiyasta cewa kurakuran magani suna cin dalar Amurka biliyan 42 a shekara a duniya.

Shin sa hannun masanin magani yana rage wannan? A cikin asibiti an ga haka ƙarara. A 1999 Lucian Leape da abokan aikinsa suka buga abin da suka gani a sashen masu ciwo mai tsanani na wani babban asibiti a Boston: da aka sa masanin magani ya riƙa zagayen gadaje tare da likitoci, illolin da kuskuren rubuta magani ke jawowa sun ragu da kashi 66 cikin ɗari, likitocin kuma sun karɓi kusan duk shawarar da ya bayar.

Wanda ya fi kama da halin Inna, kuma na fi ƙauna, a shagon aski aka yi shi. Ronald Victor da tawagarsa a Los Anjeles sun lura cewa baƙaƙen fata maza masu hawan jini ba sa zuwa asibiti, amma ba sa fashin aski. Suka ɗauki shaguna 52 da mutum 319. A wasu shagunan mai aski yana yi wa mutum nasiha ya gyara cimarsa ya je ganin likita. A sauran kuwa masanin magani ne ke zuwa shagon, ya auna jini, ya daidaita magani bisa yarjejeniya da likitan mutumin, ya dawo ya sake aunawa. Bayan wata shida, a sakamakon da ya fito a 2018, waɗanda masanin magani ya bi tansiyonsu ya sauka daga 153 zuwa 126, wato a ƙidayarmu ta nan daga 15 da ɗoriya zuwa 12 da rabi. Na ɗaya ɓangaren daga 155 zuwa 145 kawai. Kashi 64 cikin ɗari na rukunin farko sun kai awon da ake so, a na biyu kashi 12. Babu sabon magani ko ɗaya da aka ƙirƙiro a wannan aiki. Ƙwayoyin da ke kan kantarmu ne. Abin da aka ƙara shi ne mutumin da ke dawowa, yana da ikon gyara, kuma ana ganinsa a wurin da aka saba zama. Duk lokacin da na wuce majalisar dattawa bayan la'asar, ko na ga mata sun taru gidan suna, wannan binciken nake tunawa.

Amma zan ci amanarka in na tsaya nan, domin akwai gwajin da bai ba mu abin da muke so ba. A gabashin Ingila an ɗauki tsofaffi 872 da suka haura shekara 80, waɗanda aka sallamo daga asibiti. Rabinsu aka tura musu masanin magani har gida sau biyu ya duba magungunansu ya yi musu bayani. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna waɗanda aka ziyarta sun fi komawa asibiti da kashi 30 cikin ɗari, kuma ba a ga wata riba bayyananniya ta fuskar tsawon rai ko jin daɗin rayuwa ba. Masana sun yi ta tattauna dalili. Fahimtata ita ce: baƙo ne ya shigo gida sau biyu, ya jero wa tsoho illolin magungunansa, ya rubuta shawara ya aika, ya tafi. Ba shi da ikon canza komai, ba shi da doguwar alaƙa da likitan, ba zai sake dawowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In ka ɗora wannan kusa da na shagon aski, sai ka ga inda amfanin yake: a bibiya, da haɗin kai da likita. Shi ya sa na ce maka zuwa ɗaya bai wadatar ba.

Za ka iya cewa duk wannan a ƙasashen Turawa aka yi. Gaskiya ne, kuma magani yana bukatar a gwada shi a inda za a sha shi. A 2019 Dike Ojji na Abuja ya jagoranci gwaji kan mutum 728 a ƙasashe shida na Afirka, aka tarar cewa ga baƙar fata haɗin da ke da amlodipin a ciki ya fi saukar da jini a kan haɗin "pril" da maganin sa fitsari kaɗai. Ke nan in tarin Inna daga "pril" ne, likita yana da hanyoyi masu kyau da zai koma.

Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, ko da yake mutanen gari da yawa ba su sani ba. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar likitocin MSF tana da reshe a Maradi, kuma ayyuka biyu da aka yi a Madarumfa sun fito a ɗaya daga cikin manyan mujallun likitanci na duniya. A 2017 an nuna cewa rigakafin gudawar yara mai jure zafi, wanda aka yi a Indiya, yana kare kusan kashi 67 cikin ɗari daga gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota. Kafin nan, a 2016, Sheila Isanaka da tawagarta sun gwada amoksisilin a kan yara 2,399 masu tamowa mai tsanani da ba ta zo da wata cuta ba. Wani gwaji a Malawi a 2013 ya nuna maganin yana taimakawa. A Madarumfa kuwa kashi 65.9 cikin ɗari na waɗanda suka sha suka murmure, waɗanda ba su sha ba kashi 62.7, bambancin da bai kai a dogara da shi ba, ko da yake masu shan sun ɗan fi tsira daga a kwantar da su. Wannan ba izini ba ne uwa ta ƙi maganin da aka ba ɗanta a CSI, wato cibiyar lafiya ta gwamnati, ƙa'idar kula da tamowa tana nan. Na kawo shi ne don ka ga magani ɗaya da cuta ɗaya suna iya ba da amsa biyu a ƙasa biyu.

Akwai wani aikin da aka yi a cibiyar kula da masu tamowa nan Maradi, aka buga a 2011, wanda ya kamata duk mai sayen kafso a faranti ya ji. Kashi 31 cikin ɗari na yaran da aka auna sun zo daga gida ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanji masu bijire wa manyan antibiyotik, kuma mafi yawan waɗanda suka zo ba su da su sun ɗauka kafin a sallame su. Ƙididdigar duniya da ta fito a 2022 ta ce bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma yankin da ya fi kowane yawan mace-macen in aka kwatanta da yawan jama'a shi ne namu, Afirka ta Yamma. Kafso biyu na ja da rawaya da ake saya don ciwon ciki ko mura ba sa kashe cuta, horar da ita suke yi. In na hana mutum antibiyotik ba takardar likita, ciniki na rasa, kuma sau da yawa ya fita yana fushi ya same shi a bakin titi. Duk da haka ba zan ba shi ba.

Tun da mun zo kan faranti, ga sauran dalilin da ya sa zan ware abin da aka saya can gefe guda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Mu a Nijar mun ɗanɗana: a annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafin jabu. Ido ba ya rarrabe ƙwayar gaske da ta jabu, ni ma da ido ba zan iya rantsuwa ba, aikin ɗakin gwaji ne irin LANSPEX da ke Yamai. Abin da farmasi ke ba ka shi ne sanin hanyar da maganin ya biyo, daga ONPPC, ofishin magunguna na ƙasa, ko dillalan da hukuma ta amince da su, ta yadda in matsala ta fito za a iya bin sawu. Ko maganin faranti na gaske ne, rana ta gama da shi. Dubi kwali, za ka ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, mu kuwa a bazara muna haura 40 a inuwa. A gida ma ka cire ledar Inna daga jikin ƙusa ƙarƙashin kwano ko kusa da murhu, ka sa ta a ɗaki mafi sanyi, nesa da hannun jikoki.

Na san abin da ke kai mutane faranti: kuɗi. Takarda ta zo da magani biyar, aljihu ya isa biyu. A nan ma doktan farmasi yana da amfanin da ba a cika nema wurinsa ba. Ka gaya masa gaskiyar abin da ke hannunka, ba abin kunya ba ne. Yawancin magungunan tansiyo da suga suna da jenerik, sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuɗi kaɗan. Zai kuma gaya maka wanne ne ba a fashinsa ko kwana ɗaya, wanne ne zai iya jira. Abin da ya fi cutar da masu hawan jini a garin nan shi ne shan magani wata ɗaya, a ji sauƙi, a ajiye sai kai ya yi ciwo. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, mutum yana jin garau har ranar da ɓarin jiki zai shanye. In ka ga bakin Inna ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko fitsari ya ɗauke, ba farmasi za ka nufa ba, asibiti kai tsaye, ko da tsakar dare ne.

Ranar da za ka zo, ka zo da Inna kanta in ƙafa ta yarda, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce za ta ɗauki ƙwaya ta ce wannan farar ba na shan ta, tana sa ni yawan fitsari in kasa riƙe alwala. Irin wannan magana ba ta cikin kowace takarda, kuma sau da yawa ita ce mabuɗin, tun da ana iya matsar da lokacin shan maganin maimakon a bar shi. In akwai jika ko suruka da ke miƙa mata magani a gida, ita ma ta zo. Ku kwaso komai: kwalaye har da waɗanda suka ƙare, ƙullin faranti, maganin ɗigawa a ido, man shafawa, garin magani, kwalbar jiƙo, karnen asibiti da takardun awo. Kada a tsince waɗanda ake jin kunyar nunawa, su na fi son gani. Ku guji farkon safiya da bayan magariba, lokacin layi ne, tsakanin azahar da la'asar an fi samun sukunin zama.

Ka nemi ya rubuta muku takarda ɗaya mai ɗauke da sunan kowane magani, amfaninsa, da lokacin shansa, a ɗaure da lokutan salla tun da su Inna ba ta mantawa da su: wannan bayan asuba, wannan tare da tuwon dare. A kan kwalayen a zana rana ko wata. Ka nemi ɗan rubutu zuwa ga likitanta kan tarin da maganin gwiwa, ka roƙi likitan awon ƙoda, wanda ake kira kreyatinin, da awon suga da na majina. Ka kira ƴar'uwarka ta Katsina cikin lumana ka gode mata, ka karanta mata takardar, ka ce in tana son taimakawa ta aiko da kuɗin a saya a wuri ɗaya. Bayan mako biyu ku koma farmasin nan dai, a auna tansiyo a zaune da kuma a tsaye, a rubuta a karne da kwanan wata, a tambaye ta tarin da jirin. Daga nan duk wata, ranar da za ku sayi na gaba, ka tafi da karnen da kwalayen da suka rage a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki.